'Yar Ƙaramar Motar da Ta Tara Jama'a a Titin Zoo Road

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata mota da na gani ranar Asabar da ta wuce a nan Kano.

An ajiye ta ne a bakin titin Zoo Road, a wani ɗan matsattsen wuri tsakanin wata ƙatuwar jif da teburin mai lemo, inda ko Golf ba za ta shiga ba. Kafin mai ita ya fito daga shago, yara sun kewaye ta, 'yan adaidaita sahu suna rage gudu suna leƙe, har wani dattijo ya tambaya ko mai walda ne ya datse mata rabi. Da na matsa kusa sai na karanta sunanta a baya, Smart Fortwo. Tsawonta bai kai mita uku ba, kujerunta biyu ne kacal, injinta mai silinda uku kuma yana baya, ƙarƙashin wurin zuba kaya. A shekarar 1998 aka fara sayar da irinta a Turai, bayan Mercedes-Benz da kamfanin agogon Swatch sun haɗa kai suka ƙera ta a garin Hambach na Faransa, domin biranen da samun wurin ajiye mota ya fi samun motar wuya.

Na ji ana ta yi mata dariya, ni ma na ɗan dara, amma da na koma gida sai dariyar ta koma tunani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga cikinmu mun jingine motocinmu, alhali galibi mutum ɗaya ne ke zaune cikin mota mai kujera biyar ko bakwai yana tafiya ofis, yana ƙona man da zai ishe shi kwana uku a ƙaramar mota.

Sai dai ba zan ba kowa shawarar sayen wannan ba. Magidancin da ke da iyali ba shi da inda zai sa uwargida da yara ranar suna ko biki, kuma ƙananan tayoyinta ba za su ji daɗin ramukan titunanmu da damina ba. Babbar matsalar ma ita ce ranar da ta lalace, domin giyarta kwamfuta ce ke sarrafa ta, makanikanmu kuwa sun fi sabawa da Corolla da Golf da 406, kuma mutum zai iya wuni yana zagaya kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa bai samu ko fitilarta ba. Abin da ya sa Peugeot 504 ta shiga kowane lungu na Arewa shi ne a wancan lokacin ana haɗa ta a Kaduna, kayan gyaranta kuma suna ko'ina.

Saboda haka nake kira ga dillalan da ke shigo da motoci da su riƙa kawo ƙanana masu kujera huɗu tare da kayan gyaransu, ƙungiyoyin makanikai kuma su koya wa yaransu aikinsu tun kafin motocin su yi yawa.

Naku,
Wani mai karatu daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano