Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Tara Ƙananan Jiragen Sama na Ƙarfe, Legas

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da 'yan uwa mambobi.

A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin abin da muka yi a bana. Taron wata-wata ya ci gaba a Agege kamar yadda aka saba, in ban da watan azumi da muka ɗage shi. Mun samu sababbin mambobi daga Idi-Araba da Obalende, yawancinsu matasa, muna yi musu barka da zuwa.

Babban aikin shekarar shi ne gyara ƙa'idar alƙalancin fenti. A da, dattijo zai ɗaga jirgi ya ce ai ba haka koren yake ba, ni na hau shi zuwa Jidda, shi ke nan magana ta ƙare. Muna girmama wannan shaida, amma ido yana mantuwa. Yanzu mun tsayar cewa ana gwada kowane ƙaramin jirgi ne da hoton ainihin jirgin da ke ɗauke da lambar rajista iri ɗaya, kuma hoton na zamanin da ya yi wannan fentin. Jiragen Najeriya lambarsu da 5N take farawa, don haka daga nan alƙalai ke somawa. Sai launi, da kaurin layin da ya bi tagogi, da siffar haruffa, da wurin da tuta ta zauna, sannan yawan ƙofofi da irin injin.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne kan jirgin DC-10 na Nigeria Airways, kamfanin da aka kafa a 1958 ya daina tashi a 2003. Kore da fari da tambarin giwa mai fuka-fuki abu ne da kowa ya sani, amma wane koren? Wani samfurin da aka kawo ya yi duhu har yana neman komawa ruwan ganye busasshe, kuma alƙalai sun rage masa maki. Ra'ayina shi ne sun yi daidai. Wannan jirgi tarihinmu ne, yaran da ba su taɓa ganinsa a filin Murtala Muhammed ba daga hannunmu za su san kamarsa. Darasin da ya fito daga muhawarar: tsofaffin hotuna su ma suna koɗewa, shi ya sa ba a yanke hukunci da hoto guda, kuma a hasken rana ake dubawa, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba.

An kuma koyar da sababbin shiga bambancin Boeing 747-200 da 747-400: na biyun benensa na sama ya fi tsawo, kuma bakin fiffikensa a tanƙware yake zuwa sama. Tsawon ainihin jirgin ya ɗan haura mita 70, wato kusan santimita 18 a ma'aunin 1:400 (inda ainihin jirgi ya ninka ƙaramin sau 400 a tsawo), kusan 35 a 1:200. Mafi yawan abin da ke hannun mambobi 1:400 ne ƙirar kamfanonin GeminiJets da Phoenix, sai 'yan 1:500 na Herpa.

Matsaloli biyu suka dame mu. Tsadar dala ta sa odar haɗin gwiwa ta ragu. Sai danshin Legas da ke ɓata kwali, ya sa fenti kumbura. A ajiye jirage cikin akwatin gilashi nesa da taga, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi.

Abin da ya rage mana a rai shi ne har yau babu jumbo, wato Boeing 747, na Kabo Air ko na Max Air a tarin ƙungiya, alhali su ne suka yi jigilar iyayenmu da dama zuwa aikin Hajji. Duk mai tsohon hoton waɗannan jirage, musamman wanda lambar rajista ta fito sarai, ya kawo wa kwamiti a ɗauki kwafi a mayar masa. Waɗanda ake bi kuɗin shekara su ga ma'aji kafin taro na gaba.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya