Wasiƙa zuwa ga aminina a kan fim ɗin Hell Fest

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, kuma ina fata sanyin Alƙahira bai takura muku ba. Mu ma a nan Zariya lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Saƙonka na ƙarshe ya iso, kuma na ga inda kake cewa tun da ka tafi ba ka sami wanda za ku zauna ku feɗe fim tun daga kai har wutsiya ba, kamar yadda muka saba yi a zauren gidanmu bayan sallar isha'i. Wannan magana ta taɓa ni ƙwarai, shi ya sa na ga ya dace in ba ka labarin wani fim ɗin ban tsoro da na kalla a makon jiya, wanda har yanzu wani ɓangare nasa bai bar zuciyata ba.

Sunan fim ɗin Hell Fest, na Amurka ne, ya fito a watan Satumba na shekarar 2018, kuma Gregory Plotkin ne ya ba da umarninsa. Yana cikin jerin finafinan nan da wani mutum mai rufaffiyar fuska yake bin matasa ɗaya bayan ɗaya yana hallaka su da wuƙa ko gatari, salon da ya yi tashe tun bayan fitowar Halloween na John Carpenter a 1978. Na san ka fi son labarin aljanu da gidajen da ake jin motsi cikin dare, to tun da wuri in gaya maka cewa babu aljani ko ɗaya a nan. Wurin da abin ya faru wani katafaren filin shaƙatawa ne da ake kafawa a lokacin bikin Halloween na ƙarshen Oktoba, an cika shi da gidajen tsoro masu lunguna da duhu da hayaƙi, kuma an ɗauki ma'aikata masu ɗimbin yawa an yi musu shigar dodanni domin su riƙa razana mutanen da suka biya kuɗinsu takanas don a razana su. An ɗauki fim ɗin a filin Six Flags White Water da ke jihar Jojiya, a kan kuɗi dala miliyan 5.5, ya kuma tara wajen dala miliyan 18 a gidajen kallo.

Labarin ba shi da wata sarƙaƙiya. Wata ɗaliba mai suna Natalie, wadda Amy Forsyth ta fito a matsayinta, ta ziyarci tsohuwar ƙawarta Brooke, sai suka haɗu su shida, maza uku mata uku, suka tafi wannan fili. A cikin dubban masu shiga akwai wani mutum da ya wuce ta na'urar binciken ƙofa hannunsa babu komai, ya sa irin fuskar robar da wasu ma'aikatan wurin suke sawa, sannan ya ɗauki wani ƙarfe mai tsini daga teburin mai sayar da ƙanƙara. Daga nan ya saje da jama'a, babu mai iya bambanta shi da masu aikin neman abincinsu.

Fitowar da ta hana ni barci ta zo da wuri. Natalie da ƙawayenta biyu suna cikin ɗaya daga cikin gidajen tsoron, sai wata yarinya ta shigo a guje, a firgice, tana neman taimako, ta ɓuya. Mutumin ya biyo ta. Natalie, da yake ta ɗauka duk cikin wasan ne, ita da kanta ta nuna masa inda yarinyar take. Ya jawo ta, ya danne ta, ya ɗaga makaminsa ya tsaya yana duban Natalie, ita kuwa cikin ƙosawa ta ce masa ya yi abin da zai yi su wuce. Ya soke ta a gabanta. Natalie ta fita jikinta a sanyaye, tana jin abin ya yi kama da gaske fiye da kima, amma ƙawayenta suka yi mata dariya suka ce ai ƙwarewar ma'aikatan ke nan. A kwamfutata muka kalla ni da ƙanena, an ɗauke wuta, ɗakin babu haske sai na allon, kuma a daidai nan na ji ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Wallahi Yaya, da ni ne a wurin, ni ma abin da zan yi ke nan." Na tsayar da fim ɗin muka yi shiru na ɗan lokaci, domin gaskiya ya faɗa.

A ganina, darajar fim ɗin duka tana cikin wannan abu guda. A wurin da kowa yake ihu don nishaɗi, ihun wanda ake yankawa da gaske ba shi da mai saurare, kuma gawa ta gaske tana iya rataye a cikin gawarwakin roba mutane suna wucewa suna yaba kyan aikin. Da wannan ma aka buɗe fim ɗin, inda aka kashe wata budurwa a wani gidan tsoro aka rataye ta a cikin kayan ado. Daga baya, lokacin da mutumin ya bi Natalie har cikin banɗaki, bayan ya aiko mata da saƙo da wayar saurayinta wanda ya riga ya kashe, ta kai ƙara wajen mai gadi, shi kuma ya nuna mata cewa ma'aikata da yawa suna sanye da irin wannan fuska, kuma tsorata mutane shi ne aikin da aka ɗauke su su yi. Ban ga mugunta a fuskar mai gadin ba, kuma wannan ne ya ƙara ɗaga mini hankali, domin bisa ƙa'idar wurin da yake aiki, maganarsa daidai ce. Yarinyar tana da gaskiya, amma an gina wurin ta yadda gaskiyarta ba za ta taɓa samun shaida ba. Abin da ya rage mata na gane shi a cikin masu kama da shi sai takalminsa da ya goge a baki.

Wannan ya tuna mini da tashen da muka yi muna yara a watan azumi, lokacin da muke shafa gawayi da farar ƙasa mu yafa tsummoki mu bi gida-gida. Ƙananan yara kan ruga su ɓuya a bayan iyayensu mata, amma babu babban da ke jin ɗar, saboda kowa a unguwa ya san ɗan gidan wane ne a cikin shigar. A filin Hell Fest dubban baƙi ne suka taru, babu wanda ya san uban wani, an kuma amince cewa duk mai rufaffiyar fuska ma'aikaci ne mai albashi. Ta wannan amincewa makashin ya shiga.

Dole kuma in yaba aikin ado da haske. Gidajen tsoron an tsara su da hankali, launin ja da kore da shuɗi suna sauyawa a kan fuskokin 'yan wasan, har mai kallo ya ji kamar shi ma yana cikin layin shiga. Plotkin asalinsa mai haɗa hoto ne, shi ya yi wannan aiki a fim ɗin Get Out na 2017, kuma ana ganin wannan ƙwarewa a yadda yake barin makashin tsaye can baya a cikin taro, ba tare da kiɗa ya sanar da kai ba, sai idonka ya tsinto shi da kansa. Marigayi Tony Todd, wanda ka sani a Candyman na 1992 kuma ya rasu a 2024, ya fito na 'yan mintoci a matsayin mai gabatar da wasan fille kai a kan dandamali, kuma muryarsa kaɗai ta cika wurin. A wannan fitowa ce Taylor, wadda ta fi kowa rawar kai a cikinsu, ta miƙa wuyanta ga na'urar fille kai tana dariya, alhali Natalie tana ƙasa ta gane takalmin wanda ke riƙe da igiyar.

Sai dai fim ɗin yana da rauni, kuma ba ƙarami ba. Matasan nan shida ba a ba su wani tarihi da zai sa mutum ya riƙe su a zuciya ba, hirarsu yawanci zolaya ce da maganganun batsa, ta yadda idan aka kashe ɗaya sai ka ji zafin yadda aka yi kisan amma ba ka ji rashin mutumin ba. Wanda na ji mutuwarsa shi ne Gavin, saurayi mai kunya da ya ware daga cikinsu don ya samo wa Natalie 'yar tsana, aka fasa masa kai da guduma. Tsakiyar fim ɗin kuma ta yi ja, domin an cika shiga wannan gida a fita a shiga wancan, ana ta razanarwar ƙarya har ta daina tasiri, duk da cewa tsawonsa gaba ɗaya minti 89 ne.

Tunda na san faɗin ƙarshen labari ba ya hana ka kallo, bari in kai ka can. Natalie da Brooke sun tsira bayan sun ɓuya a cikin wasu mutum-mutumi masu fararen fuskoki, Natalie ta kuma soke shi a ciki, amma kafin 'yan sanda su kai gare shi ya sulale. Sai aka nuno shi ya isa wani gida mai tsafta a unguwa mai natsuwa, ya buɗe kabad ya ajiye fuskar robar a gefen wasu irinta, ya shiga falo, wata ƙaramar yarinya ta farka ta rungume shi tana kiransa Baba, shi kuma ya miƙa mata 'yar tsanar da ya zo da ita daga filin. Har aka rufe ba a nuna fuskarsa ba, ba a kuma faɗi dalilinsa ba. Wasu za su ce an bar ƙofa ne don a yi kashi na biyu, amma ni na ɗauke shi a matsayin ci gaban wancan tunani na farko, wato fuskar uba mai kawo tsaraba ita ma rufi ce da babu wanda zai yi zargin abin da ke bayanta. Na daɗe ina tunanin yarinyar nan fiye da duk waɗanda aka kashe.

Shawarata ita ce ka kalle shi, amma kai kaɗai bayan yara sun yi barci, domin akwai jini da kalaman da ba su dace da kunnensu ba. Idan ka kai fitowar yarinyar da ta ɓuya, ka tsayar ka tambayi kanka abin da za ka yi da kai ne a tsaye a wurin Natalie, sannan ka rubuto mini amsarka, domin ina so in ji ko za ka saɓa wa ƙanena.

Hajiya tana gaishe ka, kuma kullum sai ta tambayi lokacin dawowarku. Ka miƙa gaisuwata ga mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Zariya