Rahoton Shekara Na Ƙungiyarmu Ta Magoya Bayan Liverpool, Kakar 2024/2025

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen wata kakar. Sakatarenku ne dai, kuma na san rahoton nan ya makara, tun watan Yuni ya kamata ya fito, na tsaya jiran lissafi daga wajen ma'aji sai kuma rasuwar ɗan wasanmu Diogo Jota farkon Yuli ta zo abin ya kashe min jiki. A yi haƙuri. Kuma don Allah a karanta har ƙasa, kar a yi irin ta bara da mutum zai turo alamar babban yatsa alhali ko layi biyu bai karanta ba.

Mu fara daga zaman da mukai a watan Agustan 2024, wanda ni dai ban taɓa ganin zama mai sanyi irinsa ba. Kocinmu Klopp ya tafi, an ɗauko sabon koci Arne Slot daga Feyenoord ta ƙasar Holan, mutumin da rabinmu sai da muka je intanet muka duba fuskarsa, ga kasuwa an rufe ba wanda ya shigo cikin tawaga sai Chiesa. Na koma na duba littafin zaman, mafi yawanmu cewa mukai in an ƙare cikin huɗun farko a gasar Firimiya ta Ingila an gode Allah. Mutum ɗaya ne ya ce kofi za a ɗauka, Hajiya mataimakiyar ma'aji, aka yi ta mata dariya har wani ya ce son zuciya ne. To Hajiya ga shi na rubuta a rahoto kamar yadda kika ce sai na rubuta, kuma mai cewa son zuciya ya san kansa.

Ayyukan yau da kullum ba zan ja su ba tunda kowa ya gani. Kallon wasa tare ya ci gaba, tattaunawar bayan wasa a zauren WhatsApp ma haka, gasar hasashen sakamako an kai ta har ƙarshen kaka karo na farko ba tare da rigima ta watsa ta ba. Ranakun da aka fi cika su ne 3-0 da mukai wa Manchester United a Old Trafford ranar 1 ga Satumba, da daren 27 ga Nuwamba da muka ba Real Madrid 2-0 mai tsaron gidanmu Kelleher ya kaɗe fenaretin Mbappe, sai kuma Manchester City da muka bi gida da waje 2-0, 2-0. Ranar da Nottingham Forest ta zo Anfield ta ci mu ɗaya mai ban haushi a watan Satumba kuwa, zaure ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Kwamitin ladabtarwa ya yi aiki a watan Maris, dole in faɗa. Cikin kwana biyar PSG ta fitar da mu daga gasar Zakarun Turai a bugun fenareti ranar 11, Newcastle ta doke mu 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Carabao ranar 16, ga raɗaɗin Plymouth da ta kore mu daga kofin FA a Fabrairu bai gama sakinmu ba, sai wasu suka manta a saman tebur muke suka shiga zage-zage har ta kai ga ambaton iyaye. An dakatar da waɗanda sukai, sun ba da haƙuri, an dawo da su. Ni a nawa ganin hukuncin ya yi sauƙi amma kwamiti ya fi ni.

Yanzu ga babban aikin shekara, wanda ba ya ma cikin tsarin da muka zana tun farko.

Ranar Laraba 23 ga Afrilu Arsenal ta yi 2-2 da Crystal Palace. Da Palace ta ci da a daren mun zama zakaru muna kwance a ɗaki, kuma abin mamaki da yawanmu addu'a muke kar hakan ta faru, saboda irin ta mun riga mun ɗanɗana a 2020 ba ma son maimaici. Sai ya zama maki ɗaya tak muke nema ranar Lahadi 27 ga wata a gida da Tottenham. Solanke, yaron da ya taɓa saka rigarmu, ya fara zura mana da ka, wallahi na ga manya sun dafe kai. Diaz ya farke aka ɗaga tuta wai satar gida ce, aka tsaya ana duba na'ura mu kuma numfashi ya tsaya, aka ce ta ci. Mac Allister ya saki wata da hagu daga wajen da'ira, Gakpo ya ƙara kafin hutu, Salah ya ci ta huɗu ya karɓi waya ya ɗauki kansa hoto da 'yan Kop, wato magoya bayanmu na bayan raga a Anfield, a bayansa, Udogie na Tottenham ya ci gida. 5-1. Kofin gasar Ingila na 20, mun kamo United, kuma saura wasa huɗu a buga.

Washegari ne Baba, babban uban ƙungiya, ya kira ni ya ce ɗana, murnar nan in ba a ajiye ta ba nan da shekara biyar kowa zai ba da labarin yadda ya ga dama. Ya ce a sa kowa ya turo saƙon murya, tambaya biyu kawai, ina kake lokacin da aka tabbatar, kuma da wa kake. Shugaba ya amince, muka sanar, ni na zaci mutum goma ba za su kula ba, sai ga wayata ta cika har tana cijewa.

Na zauna na saurare su duka, wasu sau biyu, kuma abin da na lura da shi shi ne kusan babu wanda ya tsaya bayanin ƙwallayen. Wasu ma sun rikita wa ya ci ta biyu wa ya ci ta uku. Amma kowa ya riƙe wanda ya runguma, da wanda ya fara kira a waya, da wanda ya so ya kira ya tuna ba ya duniya. Wani ƙanenmu ya ce wansa ɗan United ne, shekara da shekaru yana masa gorin 20 da 19, ranar ya kira shi sau bakwai bai ɗaga ba, sai cikin dare ya turo masa da kalma ɗaya, barka. Ya ce bai goge saƙon ba har yau. Wata 'yar uwa ta ce tana wajen aiki ba halin kallo, waya a aljihu tana ta karkarwa, ta shiga banɗaki ta duba ta ga 3-1 ta yi ihu ita kaɗai ta fito kamar ba ita ba. Wani kuma ya ce shi bai yi tsalle ba ma, zama ya yi a ƙasa, don ranar 27 ga Afrilun 2014 ce kyaftin ɗinmu Gerrard ya zame Demba Ba na Chelsea ya ci mu muna dab da ɗaukar kofi, ranar ya yi kukan da bai taɓa yi wa ƙwallo ba, shekara 11 cif rana ɗaya sai ga wannan. Ni kaina ban lura ranakun sun zo ɗaya ba sai da na ji daga bakinsa, na je na duba, haka ne.

Na Baba ya fi na kowa tsawo, minti ashirin da wani abu, kuma ba na 2025 ya bayar ba, na 1990 ya bayar. Ya ce lokacin ko sunan Firimiya babu, Kenny Dalglish ne koci, a rediyo ya ji an doke QPR 2-1, Rush da Barnes suka ci, kofi na 18. Ya ce ko tashi bai yi daga inda yake zaune ba, kashe rediyon ya yi ya ci gaba da harkarsa, saboda a zamanin ɗaukar kofi ga Liverpool kamar fitowar rana ne, in ba bana ba baɗi. Ya ce da ya san shekara 30 zai jira da ya yi rawa ranar. Duk wanda bai saurari wannan ba ya nema ya saurara, musamman yaran da suka fara goyon baya zamanin Salah da Mane da Firmino suna ganin haka abin yake kullum.

Na 2020 su ne masu nauyi. Daren 25 ga Yuni Chelsea ta ci City 2-1, Willian ya buga fenareti, muka zama zakaru ba mu taka leda ba, saura wasa bakwai, daga baya aka ƙare da maki 99. Amma korona ta raba kowa da kowa, kyaftin Henderson ya ɗaga kofi a watan Yuli a filin da ba 'yan kallo. Mutum nawa ne suka ce a saƙonsu sun yi murna a ɗaki su kaɗai da waya a hannu, wani ya ce filo ya cusa a baki kar ya tashi jariri. Shekara 30 ana jira, bayan maki 97 na 2019 da bai isa ba saboda City na da 98, sai abin ya zo ba wanda za ka runguma. Shi ya sa ni nake ganin ihun da akai bana rabinsa bashin 2020 ne aka biya. Wasu kuma ba a tambaye su ba suka turo na kofin Zakarun Turai da muka ɗauka a Istanbul 2005 da 4-0 ɗin da mukai wa Barcelona a 2019, mun karɓa, an buɗe musu waje daban.

Sai inda na yi laifi. Duk saƙonnin a wayata kaɗai suke, ban kwafe su ko'ina ba duk da jami'in yaɗa labarai ya yi min magana ya fi sau uku. Tsakiyar Mayu wayar ta faɗi gilashi ya mutu, na kwana biyu ban faɗa wa kowa ba cikina na ta kaɗawa. Allah ya taimaka mai gyara ya ciro komai sai guda huɗu da suka lalace, masu su na bi su ɗaya bayan ɗaya, uku sun sake turowa, na huɗun ya ce abin da ya faɗa ranar ba zai iya sake faɗarsa ba, kuma na fahimce shi. Yaya ka yafe min. Yanzu an ajiye su wuri uku, wajena da wajen shugaba da kuma ma'ajiyar intanet ta ƙungiya.

Taron murna mun yi shi ranar 25 ga Mayu, ranar da akai 1-1 da Palace tsohon ɗan wasanmu Alan Hansen ya miƙa wa kyaftin Van Dijk kofi. An ƙare da maki 84, Arsenal 74, Salah ya tashi da ƙwallo 29 ya ba da 18 aka ci. Rigunan da muka ba da aiki ba su iso ba sai bayan taro da kwana uku, kuma da suka zo wasu lambar 20 ɗin a karkace take, kamfanin ya karɓi laifi ya sake buga waɗanda suka ɓaci, wanda har yanzu bai karɓi tasa ba ya ga ma'aji. A wajen taron aka kunna kaɗan daga cikin saƙonnin, na Baba aka rufe da shi. Rigimar Trent Alexander-Arnold, ɗan wasanmu da ya sanar zai bar kulob, ma ta taso, masu cewa daidai ne ihun da akai masa ranar wasan Arsenal da masu cewa yaron gida ne ya ba mu komai a bar shi ya tafi Madrid lafiya, shugaba ya kashe maganar da cewa ƙungiya ba ta da matsaya, kowa ya riƙe tasa. Tawa ita ce ihun bai dace ba, na faɗa.

Murnar ba ta daɗe ba. Washegari 26 ga Mayu ana zagayen gari da kofi a Liverpool wani ya kutsa mota cikin jama'a a titin Water Street, sama da mutum 100 suka ji rauni. Sannan ranar 3 ga Yuli muka tashi da labarin Diogo Jota da ƙanensa Andre Silva sun rasu a haɗarin mota a ƙasar Sifaniya, kwanaki kaɗan bayan bikin aurensa. Ƙwallonsa ta ƙarshe a rigarmu ita ce wadda ya ci Everton 1-0 ranar 2 ga Afrilu, kulob kuma ya jingine lamba 20 ba mai sake saka ta. Mun tsayar da duk wata barkwanci a zaure na kwana uku, kuma na yaba ba wanda ya karya. Wasu sun zo sun ce a cire sunansa daga saƙonnin da sukai masa tsiya kan ƙwallayen da ya ɓarar, kwamiti ya duba ya ce a bar komai yadda aka faɗe shi a ranar, wanda yake so ya ƙara sabon saƙo a gefe.

Maganar kuɗi, ma'aji zai turo cikakken lissafi daban tare da rasit, a taƙaice dai ba a bin ƙungiya bashi, ita ce ke bin mutane, kuma masu riƙe da kuɗin wata-wata tun Janairu ku ne kuka fi kowa ihu ranar Tottenham, muna da bidiyo.

Abin da ya rage, ana so a mayar da saƙonnin nan rubutu a haɗa su wuri ɗaya kowa ya samu, ni kaɗai ba zan iya ba, ina neman mutum uku ko huɗu masu saurin rubutu a waya ko kwamfuta. Ba za a saka sunan kowa ba sai da izininsa. Zaɓen sabbin shugabanni yana zama na gaba, mai son tsayawa ya ba shugaban kwamitin zaɓe sunansa kafin ranar, ba a wajen zama ba. Wanda kuma bai turo nasa saƙon ba har yanzu, ciki har da shugaba da kansa, ranka ya daɗe, ƙarshen watan nan za a rufe karɓa.

Naku,
Sakataren ƙungiya