Dashe ba shi ne ƙarshen aiki ba

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan ƙungiyar sa kai ta kula da karkara da na shiga bara. Na je ne da tunanin dasa itatuwa kawai, sai aka miƙa mini shebur aka nuna mini kwazazzabon da ruwan sama ya ci. Mun wuni muna jera duwatsu a cikinsa, layi bayan layi, don ruwa ya rage gudu ya ajiye ƙasar da ya kwaso. Da yamma tafin hannuna duk ya yi bororo. Bayan ruwa uku na koma, na tarar ƙasa ta taru bayan duwatsun, har ciyawa ta fara tsirowa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, kowa na zuwa dashe da ɗaukar hoto. Ban ruwa da gyaran shinge a lokacin rani kuwa, mu kaɗan ne, alhali a nan ne ƙananan itatuwa ke mutuwa. Mai awa biyu a mako, muna jiransa.

Naka,
Wani mai karatu