Wasiƙa daga Kano zuwa Kumasi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya kasuwa? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai tsadar rayuwa da ka riga ka ji labarinta.

A wasiƙarka ka tambaye ni abin da ya sa yaranmu suka ɗaga tutar Rasha a zanga-zangar watan Agustan 2024. Na daɗe ina juya tambayar nan a raina. Wallahi yawancinsu ba su san inda Rasha take ba. Sun ga an yi haka a Yamai bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ka tuna yadda muka kwana a layin zaɓe a 2015, muna ta "Sai Baba"? Tsofaffi sun fito da sanda, mata da goyo, saboda an yarda da Buhari Mai Gaskiya. To, a zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ran 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. An ce mu yi haƙuri, amma masu cewa a yi haƙurin ba su rage ko mota ɗaya a ayarinsu ba. Wannan shi ya fi yunwar ciwo.

Yanzu duk wanda ya hau mumbari ya zagi manya, ya ce shi na talaka ne, sai a bi shi. Abin da ke damuna ke nan, domin mu Kanawa mun san siyasar talakawa ta gaske. Tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950, Malam Aminu Kano yana koya wa talaka ya san haƙƙinsa, ya iya cewa a'a a gaban hakimi. Mahaifina ya sha ba mu labarin yadda ake ɗaure mutane don kawai sun halarci lacca. Da jam'iyyarsa ta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, manomi da makiyayi suka gani a aljihunsu. Malam ya rasu a 1983 bai tara komai ba, gidansa na Mumbayya yana nan shaida. Na yau kuwa sunansa suke ara, ranar zaɓe su raba taliya da sabulu.

Har yanzu ina ganin hoton yaran nan da aka kama a zanga-zangar aka gurfanar a kotu a Abuja cikin Nuwamban 2024, wasu suna sumewa don yunwa, kafin a sake su. Sa'o'in ɗana na fari ne. Shi ma ya ce mini ba zai karɓi katin zaɓe ba, na buɗe baki in ba shi hujja, na rasa ta inda zan fara.

Ka rubuto mini yadda matasan zango suka ɗauki zaɓenku na Disambar 2024, ko su ma sun yanke ƙauna ne. Ka gaida Hajiya, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
naka amini a Kano.