Kafin mutum ya sauke giya a gidansa don canza kuloci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata ɗabi'a da na lura tana yaɗuwa a tsakanin masu ƙananan motoci tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wato mutum ya ɗaura niyyar canza kulocin motarsa da kansa a garejin gida don ya tsira da kuɗin aikin bakanike. Ba na cikin masu cewa aikin ya gagari wanda ba bakanike ba, domin mai haƙurin da hannunsa ya saba da sifana yana iya yin sa. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu wannan niyya kuɗin faifan kuloci kawai suke lissafawa, ba sa tunanin abin da zai riƙe motar a sama yayin da suke kwance a ƙarƙashinta.

Da farko ya kamata mutum ya tabbatar cewa faifan ne ya ƙare. Idan aka taka totur injin ya yi ta kuka amma motar ba ta ƙara gudu ba, musamman a hawa ko da kaya, kuma ana jin ƙaurin ƙuna, to faifan ne yake zamewa. Ana iya gwadawa a fili inda babu kowa a gaba: a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci a hankali, kuma idan injin bai mutu ba, faifan ya cinye. Amma idan giya ce take ƙin shiga, ko fedar ta nutse ba ta dawo ba, sau da yawa laifin wayar kuloci ne ko yoyon mai a famfonsa, kuma wannan gyara ne da galibi ba ya buƙatar a sauke giya.

Kuloci yana tsakanin injin da akwatin giya, saboda haka babu hanyar isa gare shi sai an raba su. A motocin da ƙafafun baya ke ja, irin su Hilux da Hiace, ana cire dogon shaf, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa ƙafafun baya, sannan a ja giyar baya. A motocin da ƙafafun gaba ke ja kuwa, irin su Golf da Peugeot 406 da suka cika tashoshinmu, injin a gicciye yake, don haka sai an cire batir da sitata, an juye man giya, an zare shaf na ƙafafun gaba, sannan an tallafe injin, domin da zarar an kwance abin da ya ɗaure giyar a jikin mota, injin zai karkata.

Haɗarin yana nan, ranka ya daɗe. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don canza taya, ba don mutum ya shiga ƙarƙashi ba, kuma ko babban jak mai aiki da mai yana iya sauka ba zato idan robar cikinsa ta saki. Bulon siminti da mutanenmu suka saba jerawa yana fashewa lokaci guda ba tare da wata alama ba, balle ma da yawa daga garejin gidajenmu ƙasa ce ko yashi, ba daɓen kankare ba. Akwatin giyar ƙaramar mota yakan kai kilo 30 zuwa 50, kuma sai an jijjiga shi da ƙarfi kafin ya rabu da injin, wannan jijjigar kuwa ita ce ke gusar da motar daga kan abin da aka ɗora ta. Dole a samu matokaran ƙarfe da aka yi don wannan aiki, a kafa su a ƙasa mai tauri, a sa waigi a ƙafafun da ke ƙasa, sannan a samu mutum na biyu, babba mai ƙarfi, ba yaron da aka kira ya riƙe tocila ba.

Game da kaya, araha ba ta ado. Faifai da murfin da ke danne shi da boris ɗin da ke tura murfin tare ake canza su, domin wahalar aikin duk a sauke giya take, kuma wanda ya bar tsohon boris don ya rage kuɗi yana iya sake sauke ta idan boris ɗin ya fara ƙara. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za a nuna wa mutum sabo da na Beljiyam, sai dai faifai abu ne da ke cinyewa, na hannu kuwa ba wanda ya san saura nawa ya rage masa. Ana samun na kamfanoni irin su LuK da Sachs da Valeo da Exedy, amma kwali ba shaida ba ne, gara mutum ya tafi da tsohon a auna faɗinsa a ƙirga haƙoran tsakiyarsa. Idan an buɗe kuma, a duba fuskar fulawil, wato babban ƙarfe mai da'ira da ke bayan injin wanda faifan ke mannewa a kai, ko ta tsage ko zafi ya ƙona ta, a duba sil ɗin bayan injin, wato robar da ke hana mai yoyo, domin baƙin man da ke ɗiga daga nan zai lalata sabon faifai. Kada a hura ƙurar da ke ciki da iska, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, saboda wasu tsofaffin faifai suna ɗauke da asbestos mai illa ga huhu.

Wajen mayarwa ne aka fi yin ɓarna. Faifai yana da fuskar da ke kallon injin da wadda ke kallon giya, kuma galibi an rubuta a jikinsa. Sai an daidaita shi a tsakiya cif kafin a ɗaure murfi, abin da kanikawanmu ke yi da tsohon shaf na giya, sannan a ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, har su kai ƙarfin da littafin motar ya ƙayyade. Giris ɗan kaɗan ake shafa wa haƙoran shaf. Idan giyar ta ƙi zama, a janye ta a sake daidaitawa, kada a jawo ta da notuna, domin hakan na lanƙwasa faifan ko ya fasa jikin akwatin.

Wanda ba shi da matokarai da daɓe mai tauri da mataimaki, shawarata ita ce ya sayi kayan da kansa, ya kai wa bakaniken da ke da rami, ya zauna a wurin har a gama, kuma ya karɓi tsofaffin kayan da aka cire a hannunsa.

Naka,
Mai karatu daga Zariya