Ɗalibai da rashin barci lokacin jarabawa

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana da 'yan uwana ɗalibai. Lokacin jarabawa a hostal ɗinmu sai ka ga mutum ƙarfe 2 na dare yana ta juyi kan katifa, ya ɗirki Nescafe, gaba sai faɗuwa yake. Ni dai abin da ya taimake ni numfashi ne, in ja iska ta hanci ina ƙirga 4, in riƙe har 7, in sake ta baki a hankali har 8, sau huɗu kawai, sakin iskar a hankalin nan ke sa bugun zuciya ya lafa. Amma fa sai an ajiye waya. Wanda damuwa ta yi wa yawa kuwa ya ga likita.

Naku, ɗalibi daga Kano